Na Je Wankan Jego Ƙasar Ƙanƙara

Da kifina aka fara raba ni, tun ban bar ƙasar nan ba. Banda ce ta tarwaɗa wadda ƙanena ya zaɓo mini daga hannun masuntan Guri, na naɗe ta da kaina don romon mai jego. A filin jirgin Abuja aka ɗora kayana a sikeli, aka ce sun yi nauyi. Ina tsaye ban san abin yi ba, sai ga wani mutum da riga mai tsabta da kati rataye a wuya, ya gaishe ni da Hausa har da rusunawa.

"Hajiya, kada ki damu. Wannan buhun ta jirgin kaya za mu tura shi. Kafin ki sauka ya riga ki isa."

Na miƙa masa, har na bi shi da addu'a. Daga baya na ji ashe ba ma'aikacin wurin ba ne. Ko wa ya ci kifin nan, ya ci mai kyau.

Ni mutuniyar Haɗeja ce. Karatuna na allo ne da firamare, sai ɗan ajin manya da na shiga bayan na girma. Mijina marigayi, Malam Habu, injin casar shinkafa gare shi mai shan man gas, a ɗakin da ke manne da zaurenmu. Da ya rasu ni na ci gaba da riƙe shi. Na san warin man gas kamar yadda na san na man gyaɗa, kuma da kuɗin injin nan na yi wa 'ya'yana karatu.

'Yata ta fari na tafi gani. Sunanta Bilkisu. A takarda ina iya rubuta shi, amma har lokacin da baki ban taɓa faɗa ba, saboda kunyar ɗan fari irin tamu. "Ke" nake ce mata, in ba ta kusa kuma "yarinyar nan". Ta yi karatun injiniya, ta samu tallafi ta tafi Kanada, can ta auri Nura, ɗan garin Miga, ma'aikacin jinya. Daga nan ta samu aiki a wani kamfani da ke ƙoƙarin ƙera ƙaramin injin nukiliya, wanda za a ɗora a tirela a kai garin da ba wuta, ya zauna a madadin janareta.

Ranar da na faɗa wa maƙwabciyata Yagana, ajiye faifan da ke hannunta ta yi.

"Nukiliya? Ba shi ne bam ɗin da rediyo ke faɗa ba? Wanda in aka jefa wa gari har jikoki da tawaya ake haifarsu? Ke kuwa kina zaune kina casar shinkafa?"

Ba a daɗe ba labarin ciki ya zo. Na kira yarinyar nan a waya na ce mata, "Ki bar aikin nan. In kuwa kin ƙi, ki sani ban sa masa albarka ba." Ta ce, "To, Inna." Ba ta bar aikin ba, ni ma ban janye maganata ba. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Saboda haka da ta haihu aka aiko mini takardun tafiya don in je wankan jego, da niyya biyu na tashi: in duba jaririn gaɓa-gaɓa da idona, sannan in tattaro uwa da ɗa in dawo da su gida.

Zango na biyu wani filin jirgi ne a Turai, inda za mu sauya jirgi. Girmansa ya fi garinmu. Na bi mutane, mutanen suka watse, na tsinci kaina gaban shagon turare ban san gabas ba. Lokacin salla ya yi, na shiga banɗaki ba buta. Na fito na zauna a kan akwatina ina magana ni kaɗai, ina cewa wa ya aike ni.

"Mama, ina za ki?"

Wata mace ce mai gajeren gashi da sarƙar gicciye a wuya. Rifkatu sunanta, 'yar Kafanchan, ita ma jinya take yi a Kanada. Ta duba takardata ta ce jirginmu ɗaya. Ta sayo ruwa a gora ta ce ga butata, ta nemo mini kusurwa, ta duba gabas a wayarta, ta tsaya kan kayana har na sallame. Sai ta shafa rigar sanyin da na saya a Kano, wadda mai shagon ya rantse mini da ita Turawa ke shiga ƙanƙara.

"Mama, wannan ai rigar ruwa ce. Da ita za ki sauka?"

"Mai shagon ya ce daga can aka kawo ta."

"Daga can aka kawo ta, don su ma ba ta yi musu komai ba."

Ta buɗe jakarta ta ciro wata mai kauri ta sa mini, ta ja zif ɗin har haɓata kamar ƙaramar yarinya. A jirgi na ba ta labarin aikin 'yata. Ta ce ita ba ta san nukiliya ba, amma ta san asibiti, kuma in jaririn yana da wata matsala da tuni an faɗa. Na ce a raina, yaran zamani duk bakinsu ɗaya.

Da ƙofar filin jirgin Kanada ta buɗe, sanyi ya mare ni har haƙorana suka amsa. Na tuna tsuntsayen da ke sauka a fadamar Baturiya ta wajenmu duk shekara, waɗanda ake cewa sanyin ƙasarsu suke gudowa. Su da ba su da hankalin mutum sun san su gudu, ni kuwa na biya kuɗin jirgi na zo.

Nura ya ɗauke ni. Muna shiga gida, ko mayafi ban cire ba na karɓi jaririn, na kwance shi daga tsummansa. Na duba yatsun hannu, na duba na ƙafa, na leƙa kunnuwa, na juya bayansa. Lafiyayye ne sumul, sai tsala kuka yake don na taɓa shi da hannu mai sanyi. Sunan marigayi aka sa masa, shi ma ke nan ba zan iya faɗa ba, sai na ce masa Angona.

"Inna, sun cika?" in ji uwarsa daga kan gado.

"Na waje sun cika," na ce.

Ta miƙo hannu ta karɓi ɗanta.

Zaman garin ya yi mini wuya. Ba kiran salla, ba mai sallama a ƙofa, ba mai tallan komai. Maƙwabci sai ya ɗaga maka hannu daga cikin mota. Abin da ban zata zan yi kewa ba shi ne ƙarar inji. Shirun gidan har ƙara yake yi mini a kunne. Komai kuma da lantarki yake aiki, murhu da ruwan zafi da ɗumin ɗaki. A babbar tukunya nake tafasa ruwan wanka da busasshen ganyen darbejiya da na zo da shi, mu yi ta ja da mai jego.

"Inna, wannan ruwan ai na fige kaza ne."

"Da shi aka yi mini naki. Ga ni ban fige ba."

"Likita ta ce a sirka."

"Likita ta taɓa haihuwa a Haɗeja?"

Mukan ƙare da sirkawa kaɗan. Kanwar kunu ma sai da Nura ya roƙe ni na rage.

Amma tsorona yana nan. Jakar aikinta na fitar daga ɗakin jariri na kai ta bayan ƙofa. Rigunan aikinta daban na wanke su, da sanda nake juya su. Ranar da ta kama ni, ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce a ma'aikatarsu babu ko ƙwayar makamashin nukiliya tukuna. Injin da suke ginawa na gwaji ne, da lantarki suke ɗumama cikinsa don su ga ko ƙarfen zai jure. Ta ce wuraren da ake taɓa ainihin abin, kowa da ɗan ma'auni maƙale a ƙirji, kuma mai ciki nesanta ta ake yi. Na ce na ji. Ban yarda ba.

Muna tsakiyar arba'in aka yi wani ruwa mai daskarewa a kan duk abin da ya taɓa. Rassan itatuwa suka karye, suka tsinka wayoyin wuta, unguwar ta mutu gaba ɗaya. Nura yana asibiti, hanya ta toshe, ba damar dawowa. Kafin hantsi gidan ya fara hucewa. Muka naɗe Angona da barguna, hancinsa kawai ke waje, duk da haka hannunsa sanyi.

Sai maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa, wani tsohon manomi mai suna Gordon, wanda gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Ya turo janareta mai taya, yana tayar da shi na ji warin man gas, raina ya yi fari kamar na ga ɗan garinmu. Ya ajiye shi can tsakiyar fili nesa da gida, ya jawo doguwar waya ya haɗa mana na'urar ɗumama ɗaki da ƙaramin murhu. Yarinyar nan tana ciki tana shayarwa, don haka ni ya yi wa bayani. Ya nuna injin, ya nuna gida, ya girgiza kai, ya yi ta magana. Na yi ta cewa "yes, yes". A raina na ce, wannan bawan Allah ni zai koya wa inji?

Bayan azahar uwa da ɗa suka samu barci. Na leƙa taga na ga janaretan mutane shi kaɗai a fili, ba sarƙa, ba kwaɗo, ƙanƙara na zuba a kansa. A garinmu ba a yin haka. Inji a ɗaki yake kwana, a kulle, in ba haka ba da safe sai dai ka ga sawun taya. Balle kayan aro, amanar maƙwabci. Na sa rigar Rifkatu na fita, na turo shi da ƙyar har cikin gareji, wanda ke manne da kicin, na sauke ƙofar garejin. Ƙofar kicin kuma na bar ta a ɗan buɗe saboda waya. Na ɗora tukunyar wanka, ina jin daɗin kaina.

Ruwa bai tafasa ba kaina ya fara sarawa. Ban damu ba, don na san ciwon. Ciwon kan inji muke ce masa a gida, ɗan goro ne maganinsa. Na ɓantari goro na zauna a kujera, jikina ya yi nauyi, barci mai daɗi yana jana.

Sai wata 'yar na'ura a bango ta ɗauki ƙara, irin mai huda kunne. Wallahi abin da ya fara zuwa raina jakar aikin nan ce. Na ce shi ke nan, abin da ta kwaso ya tashi. Na miƙe, ƙafafuna suka ƙi, na bi bango har ɗakinsu. Duk ƙarar nan ba ta motsa ba. Jaririn yana gefenta, shiru.

"Ke," na ce. "Ke, tashi."

Ba ta tashi ba. Na girgiza ta, kanta ya langaɓe.

"Bilkisu! Bilkisu!"

Ta buɗe ido da ƙyar. Ta saurari ƙarar, ta shaƙi iska, ta dube ni.

"Inna, ina janaretan?"

"Na shigar da shi gareji. Kada a sace."

Ban taɓa ganin mai jego ta tashi da irin wannan saurin ba. Ta suri yaron da bargonsa, ta finciki hannuna, muka fita waje ba takalmi. Gordon ya riga ya fito, don ya leƙo bai ga injinsa a fili ba. Ya ɗage ƙofar garejin, baƙin hayaƙi ya yi waje, ya toshe hanci ya shiga ya kashe. Matarsa ta ja mu cikin gidansu, gaban murhun itace.

Har lokacin yaron bai yi kuka ba. Uwarsa tana murza ƙirjinsa, tana hura masa fuska, tana kiran sunansa. Ni kuwa na durƙushe a ƙasa, duk addu'ar da na sani ta gudu, sai "Ya Allahu" kawai nake maimaitawa. Can ya yamutsa fuska, ya yi atishawa, ya tsala kuka. Na haifi 'ya'ya, na karɓi haihuwar jikoki, ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba.

'Yan kwana-kwana suka zo da motarsu mai sarƙa a taya, suka kai mu asibiti, aka sa mana robar iska a hanci mu uku. Nura ya same mu a can. Likita ta ce an fito da wuri, ba abin da ya taɓa yaron. Nura ya fassara mini sauran: hayaƙin inji yana da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, daga barcin ya wuce. Ya ce ciwon kan nan shi ne gargaɗinta.

Na kwanta ina kallon silin. Na tuna ɗakin injinmu da tagarsa guda, wadda muka toshe da bulo saboda ɓarayi. Na tuna tarin Malam Habu, wanda muka ɗora wa ƙaiƙayin shinkafa. Na tuna yarinyar nan tana ƙarama, tana karatu a zaure, tana cewa kanta na ciwo, ni kuwa ina cewa lalaci ne. Ban san ko injin ne ya ci mijina ba, Allah ne masani. Amma na san na haye teku don in tsare jikana daga abin da ban sani ba, na kusa kashe shi da abin da nake taƙamar na sani.

Na jira faɗa, ba wanda ya yi mini. Da na je ba Gordon haƙuri, Nura yana fassara, sai tsohon ya ce laifinsa ne da ya ji "yes" ya yarda. Ya tambaya me ya sa na shigar da injin. Da aka faɗa masa, ya yi dariya har da tari, ya ce wa zai saci janareta a cikin wannan ƙanƙara, ɓarawon ma yana gida yana jin sanyi. Rifkatu ta zo dubiya da ƙullin busasshen kifi daga shagon 'yan Afirka. Bai kai na Guri ba, amma na yi romo da shi, mai jego ta sha har ta nemi ƙari.

Bayan arba'in ni da kaina na ce a kai ni in ga abin nan. Ranar da ma'aikatar ke barin iyalai su shiga, aka sa mini hular kwano a kan ɗankwali. Na zaci zan ga wani dodo. Ƙarfe ne kawai mai ƙyalli, tsawon kwantena, da bututu kamar hanjin rago.

"Ki ɗauke shi murhu ne, Inna," in ji ta. "Murhun da ba a sa masa ice. Makamashinsa ƙwayoyi ne ƙanana kamar riɗi, kowace an rufe ta da ɓawo mai tauri. Su ke ba da zafi, zafin ya juya injin wuta. Shekaru zai yi ba a ƙara masa komai ba, kuma ba hayaƙi."

"Ba ya fashewa?"

"Ba irin ginin bam ba ne. An tsara shi in ya yi zafi da yawa ya lafa da kansa. Abin da muke gwadawa ke nan, sai mun tabbatar."

"To tokarsa fa? Ba murhun da ba ya toka."

Ta yi murmushi. "Nan ne maganarki take da gaskiya. Tokarsa kaɗan ce, amma mugunta gare ta, kuma tana daɗewa fiye da ran mutum da na jikokinsa. Ba a buɗe shi a gari. Yadda aka kawo shi a rufe, haka za a mayar da shi, a adana tokar inda ake tsaro. In ba a shirya wannan ba, bai kamata a kai shi ko'ina ba."

Ta ce a can arewacin ƙasar akwai garuruwan masunta kamar namu, da man gas kawai suke samun wuta, sai jirgin ruwa ya kai musu in ƙanƙara ta narke. Wasunsu suna son abin, wasu suna tsoro kamar ni, kuma ba a yi musu dole. Na tambaye ta yaushe zai zo Haɗeja. Ta ce ba yanzu ba, yana da tsada, ko a can ma bai fara aiki a gari ba, wataƙila sai Angona ya girma.

"To me ya sa kika zaɓi wannan, duk ayyukan duniya?"

"Shekarar da ruwa ya ci gari, da muka kai Baba asibiti. Hanya ta yanke, motar mai ba ta shigo ba, janareta ya tsaya. Kin tuna da fitilar waya aka nemi jijiyarsa?"

Na tuna. Ban taɓa sanin ta riƙe abin a ranta ba, don ban taɓa tambayarta ba.

Na dawo gida ni kaɗai, ba uwa ba ɗa, kuma raina a kwance. Kafin in kwance kaya na kira magini ya fasa bulon tagar nan, na sa maƙeri ya yi wa injin keji na ƙarfe a bayan gida, inda iska ke wucewa. Yagana ta leƙo ta katanga.

"Kin je ƙasar masu nukiliya kin dawo kina tsoron janareta?"

"Shi na ga ya kusa yin kisa. Naki ma fitar da shi daga ɗakin yara."

"Yaron dai lafiya? Yatsu sun cika?"

"Sun cika, na waje da na ciki."

Ta yi gunaguni, amma kafin sati na ji ana jan nata injin zuwa tsakar gida.

Abu ɗaya ne ban faɗa wa Yagana ba. Ranar da zan taso, a bakin inda ake raba matafiya da masu rakiya, na riƙe hannun yarinyar nan na ce maganar da na yi a waya na janye ta, Allah ya yi wa aikinta albarka, ya tsare ta daga tokarsa. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan bargon yaron.

"Amin, Inna. Amma saura abu ɗaya. Ranar nan ina cikin maye, ban ji da kyau ba. Me kika kira ni?"

Na duba hagu na duba dama. Duk Turawa ne, ba wanda ya san ni balle ya kai labari Haɗeja. Na matsa kusa da kunnenta na faɗa mata, a hankali, sau ɗaya.